Ragamar injin zane: a hannun mai waya, masu kuɗi, ko masu allura?

Tun da Meta, mai WhatsApp da Facebook, ta saka ƙirƙirarriyar basirarta cikin WhatsApp a Najeriya a watan Afrilun 2024, fitar da hoto daga rubutu ya daina zama abin 'yan birni. Yaro a Ringim ko Garun Malam, in dai yana da data da caji, zai rubuta abin da yake so, kafin ya ɗaga kai hoto ya fito. Masu sana'ar hannu ba su yi nauyin gane amfaninsa ba. Mai zanen hula yana neman sabon fure, mai aikin wuyan riga yana neman abin da bai cika kasuwa ba, mai lalle tana neman wanda amarya ba ta taɓa gani a hannun wata ba. Muddin mutum ɗaya ne da wayarsa, babu gardama. Amma da zarar masu zane da masu ɗinki na ƙauye guda sun haɗa kuɗi don biyan manhaja mai ƙarfi, ko don a horar da injin da zanen da suka gada, sai magana ta tashi. Wa zai gaya wa injin abin da zai zana? Wa zai zaɓi wanda za a ɗinka? In kuɗi ya shigo, yaya za a raba?

Hanyoyi uku ne a gaban irin waɗannan mutane. Ko a bar komai a hannun mutum ɗaya, ko a bi tsarin ƙuri'a mai nauyin kuɗi irin na Botto, wani injin zane da ya yi suna a ƙasashen waje, ko a kafa ƙungiyar gama-kai ta mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Ina da wadda na fi so, zan kuma faɗa, amma kowace tana da inda ta fi sauran.

Kafin nan sai an san inda iko yake a jikin injin, domin yawancin rigimar da ake yi, a kan wurin da ba shi ne ba ake yinta. Injunan nan sun koyi zane ne daga tarin hotunan intanet da bayanin da ke ƙarƙashinsu. Stable Diffusion, ɗaya daga cikin injunan, wanda aka saki a watan Agustan 2022, an horar da shi da wani sashe na rumbun LAION-5B mai ɗauke da hotuna sama da biliyan 5. Aska takwas da dagi da zayyanar soron gidan sarki ba su da wani kaso na a-zo-a-gani a cikin wannan tari, shi ya sa in ka ce masa ya zana hular Bahaushe yakan haɗo maka wani abu rabi na Indiya rabi na Turkiyya. Maganin haka shi ne a ƙara masa ɗan horo da hotunan aikinku, kuma hotuna 'yan dozin kan isa. To ka ga wuri na farko da ake yanke hukunci: hotunan wa za a ba shi. Na biyu, wa ke rubuta umarnin. Na uku, a cikin ɗari ko dubun da ya fitar, wa ke tankaɗe su kafin jama'a su gani. Sai na huɗu, zaɓen da kowa ke kallo. Jama'a kan ɗauka zaɓen nan ne mulki. Ni kuwa a ganina wanda ya riƙe rariya shi ne mai gari, domin mai ƙuri'a ba ya zaɓar abin da ba a nuna masa ba.

Hanya ta farko ita ce wadda ake faɗawa ba tare da an zauna an zaɓe ta ba. Akwai saurayi guda mai babbar waya da ɗan Turanci, ko kuma Alhajin da dama shi ke raba yadi da zare ga matan unguwa ya dawo ya karɓi hula. Shi zai buɗe asusu, shi zai rubuta, shi zai zaɓa, sauran su karɓi zane su ɗinka. Kada a raina wannan hanya. Tana da sauri, kuma sauri kuɗi ne a wannan sana'a. Hular da za a sa ranar hawan sallah, in ba a fara ta tun kafin azumi ba, ta makara. Babu taro, babu kuɗin rajista, in abu ya ɓaci an san ƙofar da za a buga. Idan kuma mutumin nan gwani ne na gaske, irin dattawan da a da ake naɗa wa sarautar sana'a kamar Sarkin Magina ko Sarkin Marina, to idonsa ɗaya zai fi idon mutum talatin da ba su san aiki ba.

Matsalar ita ce yau wanda ya iya waya da wanda ya iya aiki ba kasafai suke zama mutum ɗaya ba. Sannan duk abin da aka tara yana kan sunansa. Midjourney, wani injin zane na biya, alal misali, mafi arhar tsarinsa dala 10 ne a wata, da katin banki mai biyan dala, kuma asusun na wanda ya buɗe ne. Ranar da ya tafi ci-rani Legas, ko aka saɓa da shi, ya tafi da umarnin da aka sha wahalar gyarawa da hotunan da tsofaffi suka fito da su daga ƙasan adaka. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a ƙananan tsare-tsaren Midjourney, hotunan da ka fitar a buɗe suke, sauran masu amfani da manhajar suna iya gani, ɓoye su sai a tsari mai tsada. Mai sana'ar da ribarsa ta dogara ga fito da abin da ba a gani ba kafin kasuwa ta kwaikwaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne gare shi. Hannu ɗaya ɗin ma, in ka duba da kyau, ba na saurayin ba ne, na kamfanin da ke iya canza farashi da sharuɗɗa ne duk ranar da ya ga dama.

Hanya ta biyu ita ce matasa masu bin harkar kirifto, wato kuɗin intanet, ke kawowa da zumuɗi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, don ba tatsuniya ba ce. Botto inji ne mai zane da Mario Klingemann, wani mai fasaha ɗan Jamus, ya ƙirƙira tare da wata tawagar masu haɗa manhaja mai suna ElevenYellow, ya fara aiki a watan Oktoban 2021. Ƙa'idarsa ita ce ɗan Adam ba ya rubuta masa umarni, ba ya kuma taɓa hoton da hannu. Shi ke rubuta wa kansa, ya fitar da dubban hotuna, sannan wani sashe nasa da ke koyon abin da ke burge jama'a ya ware 350 a kowane mako ya ajiye a gaban masu ƙuri'a. Wanda ya yi nasara sai a mayar da shi NFT, wato shaidar mallaka ta intanet, a yi gwanjonsa a SuperRare, wata kasuwar zane ta intanet. Ƙuri'un da aka kaɗa kuma ba sa tafiya a banza, ana mayar da su cikin injin su zama darasinsa na mako mai zuwa. Aikinsa na farko an sayar da shi kimanin dala 325,000. A watan Oktoban 2024 gidan gwanjo na Sotheby's ya shirya masa baje koli na kansa, kuma zuwa lokacin cinikinsa ya haura dala miliyan 4. A lokacin rabin kuɗin gwanjo na komawa ga waɗanda suka yi ƙuri'a, rabi ya shiga baitulmalin tafiyar.

Abubuwa uku a nan sun burge ni matuƙa. Akwai lokaci tsayayye, duk mako an san ranar gani da ranar rufe zaɓe. Akwai kundin da kowa ke iya buɗewa ya ga abin da ya shigo da inda ya tafi, ba sai ya roƙi ma'aji ba. Sannan an yarda cewa zama a duba hotuna a zaɓa aiki ne, har ana biyan ladansa. Mu nan mun saba ɗaukar shawara a matsayin kyauta, shi ya sa taro kan watse bayan zama uku.

Amma ƙarfin murya a Botto daga kuɗin kirifto mai suna BOTTO yake fitowa. Sai ka saya ka jingine shi a tsarin kafin ka sami makin ƙuri'a, wanda ya jingine da yawa makinsa ya fi yawa. Ɗauko wannan ka dasa a ƙauyen da ke ƙasar Kura ko Taura. Wa ke da rarar kuɗin da zai jingine? Mai shago, da dillali, da ɗan garin da ke aiki a Abuja. Wa ba ta da shi? Matar da za ta yi makonni tana sunkuye a kan hular. A Botto hakan bai zama zalunci a fili ba, saboda hoton shi ne ƙarshen aiki: an zaɓa, an sayar, ba wanda ya zubar da gumi a tsakani. A wurinmu hoton mafarin aiki ne kawai. Duk zanen da aka zaɓa, an zaɓar wa wata ciwon baya da ciwon ido ne na wata guda ko fiye.

Ɗauki hula a hannu ka juya ta. Zanen jikinta zagaye yake, dole inda ya fara ya haɗu da inda ya ƙare ba tare da ido ya kama gaɓar ba. Injin bai san haka ba, shimfiɗaɗɗen hoto yake bayarwa. Zai kawo launin da ke narkewa a hankali daga shuɗi zuwa kore, alhali zare in shuɗi ne shuɗi ne. Zai ja layin da ya fi bakin allura siranta, ko ya murɗa igiyar dagi ta shige ƙarƙashin 'yar'uwarta ta ɓace ba ta fito ta ɗaya gefen ba. A fuskar waya duk wannan kyau yake yi, har ya fi mai yiwuwa ɗaukar ido, don haka shi zai lashe ƙuri'ar 'yan kallo. Miƙa wa tsohuwar da ta yi shekaru tana ɗinki, ba za ta daɗe tana dubawa ba za ta ce maka, "Ɗana, wannan ai na kallo ne, ba na allura ba." Tsarin da ya ba mai kuɗi murya goma ya ba ta ɗaya, ko ya hana ta gaba ɗaya don ba ta da asusun kirifto, zai yi ta zaɓo abin da ba ya ɗinkuwa. Tunda kuma ƙuri'a ce ke koyar da injin, kuskuren ba ya tsayawa a mako ɗaya. Injin zai ɗauka abin da ake so ke nan, ya ƙara kawo irinsa.

Ga kuma nauyin kirifton kansa. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar a watan Fabrairun 2021, ya sassauta a watan Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. Ƙasa ce da ke motsi, ƙungiyar ƙauye ba ta da lauyan da zai riƙa bibiya. Farashin irin waɗannan kuɗaɗe yana hawa da sauka ba tare da ruwansa da kyawun aikinku ba. Malamanmu ba su haɗu a kan hukuncin kirifto ba, kuma ya isa a ce liman ya nuna shakka, rabin magidanta su janye matansu. Asusun kirifto yana da kalmomin sirri waɗanda in sun ɓace babu ofishin da za ka kai kuka. Masu cewa ai manhaja ba ta cin amana, su tuna da abin da ya sami The DAO, wani asusun haɗin gwiwa na kirifto da manhaja ke tafiyarwa, a watan Yunin 2016, lokacin da wani ya gano kafa a rubutun manhajar ya janye kusan kashi ɗaya cikin uku na dukiyar jama'a. Waɗancan ƙwararru ne suka rubuta, suka kuma duba.

Hanya ta uku ba baƙuwa ba ce. Ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan jarinsa, ana jingina ta ga masaƙan Rochdale na Ingila da suka kafa ƙungiyarsu a 1844, amma wanda ya taɓa zubin adashi ko ya fita gayya ya san ruhinta. Ana iya yi wa ƙungiya rajista a ofishin kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiha, ta buɗe asusun banki da sunanta, da sa hannun mutum biyu ko uku. Wannan kaɗai ya warware babbar matsalar hanya ta farko, domin dukiya ta tashi daga sunan mutum ta koma sunan jama'a. Ya kuma warware ta biyu, domin naira dubu ɗari ba ta sayen murya ta biyu.

Ita ma tana da cututtukanta, kuma mun san su. Tana da jan ƙafa. Shugabanci kan lafe a hannun mutum biyu har a manta yaushe aka zaɓe su. Littafin ma'aji kan zama abin da ake jin kunyar tambaya, don kada a ce ana zargin dattijo. Mafi girma duka, taron ƙungiya a ƙauyukanmu a ƙofar gidan mai unguwa ake yinsa ko a gindin bishiya bayan la'asar, wato inda matan aure ba sa zuwa. In aka bi wannan al'ada, za a wayi gari da ƙungiyar masu ɗinki wadda masu ɗinkin ba sa cikinta, mazajensu ne ke ɗaga hannu a madadinsu. Sunan ya canza, amma hanya ta farko ce aka dawo da ita da manyan kaya. Sannan rinjaye ba gwaninta ba ne. Mutum ashirin na iya haɗuwa a kan zane maras kyau, kuma jama'a kan karkata ga abin da suka saba gani, har a kai ga duk hulunan garin sun zama iri ɗaya.

Duk da haka ita nake ba da shawara, saboda cututtukanta irin waɗanda ake magancewa da doka ta cikin gida ne, na sauran biyun kuwa a ƙashin bayansu suke. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nazarin yadda manoma da masunta da makiyaya ke tafiyar da dukiyar da suka yi tarayya a kanta. Daga cikin abin da ta gano a wuraren da abin ya ɗore: an san iyakar wa ke ciki wa ke waje, waɗanda doka za ta hau kansu suna da hannu wajen yinta, masu sa ido daga cikin jama'ar suke, horo yana farawa daga ƙarami, kuma akwai wurin sasanci mai arha a kusa. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙauye. Dagaci da liman suna nan don sasanci, ba sai an je kotu ba.

Ga yadda nake ganin mako zai tafi in an ɗauki ta ukun aka yi mata aro daga sauran. Daga Botto a ari tsayayyen lokaci. A ce jigon wata an amince da shi a taro, hular ango ne ko ta yara ko wuyan riga. Mai rubuta umarni ma'aikacin ƙungiya ne, ana biyansa ladansa, kuma duk umarnin da ya rubuta yana shiga littafi, don kada ilimin ya zauna a kansa shi kaɗai. Rariya kuwa a miƙa ta ga masu allura: mata uku ko biyar da aka san hannunsu, da mai zane guda, suna sauyawa bayan 'yan watanni. Aikinsu tambaya ɗaya ce, wannan zai ɗinku ko ba zai ɗinku ba, kuma kwana nawa zai ci. Wannan shi ne aron da aka yi daga hanya ta farko, wato girmama idon gwani, amma an ɗaure shi da wa'adi. Abin da suka zubar kada a goge shi. A ajiye inda duk ɗan ƙungiya zai iya gani, kuma in mutum biyar suka nemi a dawo da wani zane cikin zaɓe, a dawo da shi. Ba don ana zarginsu ba, sai don mai tankaɗe da ya san za a duba dusarsa ya fi kula.

Zaɓen kansa kada a ɗaure shi da waya. Mai WhatsApp ta yi a can, akwai hanyar ƙuri'a a cikinsa, wadda ba ta karatu ta aiko da saƙon murya. Wadda ba ta da waya, a buga zanen goma da suka tsallake a takarda a shagon da ke da firinta ranar kasuwa, yarinya 'yar aike ta zaga da su gida-gida da ƙwarya, kowace ta sa alama a wanda ta zaɓa. Zai ɗauki kwana biyu maimakon minti biyu. Na yarda da wannan jinkiri, domin shi ne farashin shigar da waɗanda aikin ke hannunsu. A kuma ware kujerun shugabanci na mata tun a takardar kafa ƙungiya, da taronsu a cikin gida wanda hukuncinsa ke da nauyi daidai da na ƙofar gida.

Akwai dokokin da ya kamata a rubuta tun ranar farko, kafin a ga kuɗi, kuma a nan ne ƙungiyar gida ta yi wa sauran nisa, don babu kamfanin waje ko mai kirifto na wata ƙasa da zai san su. Hoton mai rai: jama'a su tambayi malaminsu su tsayar da matsaya ɗaya. Ayar Alƙur'ani da sunayen Allah: a hana injin taɓa su kwata-kwata. Waɗannan injuna sun shahara da dagula rubutu, sukan zana abin da ya yi kama da haruffan Larabci alhali ba ya karantuwa, ko su sauya harafi su ɓata ma'ana, kuma ba wanda zai so a ɗinka wannan a sa a ka. Tambarin masarauta da alamar jam'iyya su ma a yi musu iyaka. Sai kwaikwayon hannun mai zanen da ke raye a garin ko maƙwabta: kada a ba injin aikinsa sai da izininsa, in ya yarda kuma a sa masa kaso.

Wannan na ƙarshe shi ne inda zuciyata ta fi tsayawa. Hotunan da za a horar da injin da su ba daga sama suka faɗo ba. Rigar kaka ce da aka adana, da takardun zane da wani dattijo ya tara tun yana saurayi. Mutanen Maori na Niyu Zilan sun fuskanci irin wannan a kan harshensu. Gidan rediyonsu na Te Hiku Media ya tara muryoyin jama'a ya gina manhajar gane magana, amma ya ƙi sakin muryoyin ga kowa, ya rubuta lasisin kansa bisa ma'anar riƙon amana, ta yadda duk mai son amfani da su sai ya nemi izini kuma amfanin ya koma ga al'ummar. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta tanadi kariya ga fasahohin gargajiya, ciki har da sana'o'in hannu, ƙarƙashin hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa. Amma doka ba za ta dawo da hoton da yaro ya riga ya ɗora a manhajar kyauta ba. Don haka a rubuta: wanda ya kawo zanen gidansu aro ya bayar, ba kyauta ba, kuma ba a ɗora shi a ko'ina sai taro ya amince da wurin.

Game da mallakar abin da injin ya fitar, kada a sa rai da yawa. A Amurka wata kotun tarayya ta yanke a watan Agustan 2023 cewa hoton da inji ya samar shi kaɗai ba shi da kariyar haƙƙin mallaka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Maris na 2025. Mu dai a Kurmi ko a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a ba a tambayar takardar kotu, wanda ya riga fitowa da sabon abu shi ke cin kasuwar kafin a kwaikwaya. Abin da ke kare ku shi ne sirri har ranar fitarwa, da kuma hannun mai zanen da ya sake zana abin a kan yadi ya gyara gaɓoɓinsa.

Rabon kuɗi kowace ƙungiya ta yanka daidai wuyanta, amma jerin yana da muhimmanci. A fara cire kuɗin yadi da zare, a biya mai allura cikakken ladanta ba tare da an rage don wai inji ya sauƙaƙa aiki ba, domin bai sauƙaƙa mata komai ba. Sai mai zane da mai wankin hula, sai kuɗin data da caji da biyan manhaja. Abin da ya saura ne riba, a ciki a fitar da ɗan ladan masu tacewa da masu zaɓe kamar yadda Botto ke yi, da kason waɗanda suka ba da aron zanen gado. A karanta lissafin da baki a kowane taro, na maza da na mata, ko ba wanda ya tambaya.

Akwai inda zan ce a bar shawarata. In ku uku ne ko huɗu 'yan gida ɗaya, kafa ƙungiya wahalar banza ce, ku bar wa wanda ya fi iyawa, ku dai rubuta wa ke da me. In kuma abin da kuke son sayarwa hoton ne kansa ga masu saye na ƙasashen waje, babu ɗinki a bayansa, kuma dukanku kun san kirifto kun yarda da hukuncinsa, to tsarin Botto an gina shi ne daidai wannan. Amma inda mutum ashirin ko hamsin ne, mafi yawansu mata a cikin gida, kuma abin sayarwar sai ya bi ta allura, ƙungiyar gama-kai ce.

In kun kai ga horar da injin da zanenku, ku fifita irin wanda ake iya saukewa a riƙe, kamar Stable Diffusion, ko da sai an yi hayar kwamfuta mai ƙarfi ta intanet na 'yan awoyi, ko an kai aikin wurin wani a Kano ko Dutse. Sakamakon horon ɗan fayil ne da ke shiga filashi, kuma shi ne ainihin dukiyar ƙungiya. Ku sa a yarjejeniya da wanda ya yi muku aikin cewa zai miƙa shi ya goge nasa. A yi kwafi biyu, ɗaya a wurin ma'aji ɗaya a wurin shugabar mata. Layin wayar da aka buɗe asusu da shi ya zama an saye shi don ƙungiya, yana kwana a akwatinta, kalmar sirri kuma mutum biyu su san ta, a canza ta duk ranar da ɗayansu ya sauka daga muƙami.